Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Tampere,
daga gindin Pispala har ƙolin tudu,
jaka a gaba, jaka a baya.
Sau nawa ƙanƙara ta kayar da ni, ban ƙirga ba.
Bana sau ɗaya tak ta yi,
a bakin ƙofata, ina fitar da shara,
ƙugu ya ce ƙas.

Likita ta ce, "Tauno, kai da titi sai bazara.
Amma ƙafa in ta zauna, tsatsa take yi.
Nemi keken cikin ɗaki."
Na yi dariya har ɗinki ya motsa.
Keken da ba ya zuwa ko'ina?
Ta ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ran Asabar 'yata Sirkku ta kai ni kanti.
Ga su jere kamar shanu a turke,
baƙaƙe, sai sheƙi,
babu wanda ya taɓa sanin laka.

Yaron kantin, Eetu aka rubuta a ƙirjinsa,
ya fara da mai ƙaton allo.
Wata budurwa a ciki tana tsawa: ƙara wuta, ƙara wuta!
Kuma duk wata sai an biya kuɗin tsawar.
Na ce, "Yaro, shugabana a gidan waya
kyauta ya yi mini wannan, ban gode ba."

Na biyu na kishingiɗa ne, da majingini mai taushi.
Na zauna, na ji kamar za a cire mini haƙori.
Ga tsawo.
Sirkku ta zaro tef ɗin awo:
tsakanin taga da kabad ɗin mahaifiyarta
taku huɗu ne da rabi,
kuma kabad ɗin ba ya gusawa.
Wannan ba sai mun faɗa wa juna ba.

Na uku mai naɗewa, iska ma ta ɗauke shi.
Na ɗora ƙafa, ya kama makyarkyata.
Araha ba ta ado.

Sannan akwai Aune a hawan ƙasa,
aikin jinya take da dare, barcinta na rana ne.
Keke mai gurnani ba zai kwana a saman kanta ba.

Can a lungu, bayan tabarmin motsa jiki,
na hango wani ruwan toka.
Tsakiyarsa a ƙasa take, ba sai ƙugu ya yi tsallake ba.
Sirdi mai faɗi, ana ɗaga shi, ana sauke shi.
Maganaɗisu ke riƙe tayar, shiru kamar mage,
da ɗan mamurɗi guda, daga ɗaya zuwa takwas.
Na murɗa shida, na taka,
cinyata ta ce: na san wannan tudun.

Na ce, "Ina birki?"
Eetu ya ce, "Baba, me za ka kauce wa?"

Yanzu ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya sauka.
Tsohuwar ƙararrawata na kwance daga tsohon kekena,
na ɗaura a nan, na cusa mata auduga saboda Aune.
Ina hawa, in rufe ido.
Biyu: bakin tafki, iska a kunnen hagu.
Huɗu: gidan mai jan kare.
Bakwai: kwanar da ake tashi tsaye a kan feda,
inda wata tsohuwa ke jira a taga
wasiƙar ɗanta daga jirgin ruwa.

Sirkku ta kira. "Kilomita nawa yau?"
Ɗan allon ya ce tara.
Na ce, "Bari in kira ki anjima,
saura gida uku a layin nan."