Kunnen Aro

A wani gareji a Recife, bayan kasuwar kifi,
inda gishirin teku ke cin ƙarfe kamar gara,
Jurandir ya ɓare cikin ƙofofi huɗu
ya jingine su da bango.

Motar Dona Ivonete ce,
mai 'ya'ya uku da tafiyar awa tara zuwa garin uwarta.
Ta ce, "Allon na nan a rufi, suna gani,
amma sautin duk a gabana yake zuba.
Na baya su ce a ƙara,
ni kuma kaina ya rabe biyu."
Ya ce ta dawo ƙarfe biyar.

Lasifika biyu gaba, biyu baya,
ƙarama a tsakiya don bakin masu magana,
sai uwar gurnani,
wadda ya kwantar a but kusa da tayar ko-ta-kwana.
Jar waya ya jawo daga batir ta gefen dama,
ta sauti ya bi da ita hagu, ƙarƙashin darduma,
don su biyun ba sa ga maciji:
in sun gogi juna
inji zai shiga fim yana kukan sauro.

Abin da bai faɗa mata ba:
kunnensa na hagu ya mutu shekara goma sha tara,
ranar da tukunyar iska ta fashe a maƙerar jiragen ruwa.
Tun ranar duniya ta ƙofa ɗaya take sallama.
Mutumin da ke sayar da kewayen sauti
bai taɓa jin ya kewaye shi ba.

Don haka yake awo.
Daga kowace lasifika zuwa inda kan yaro zai tsaya,
yana rubuta lamba a bayan hannu da biro,
yana jinkirta na kusa
don na nesa ya iso tare da shi.
Amma lissafi ba shi da kunne.

Ƙarfe uku da rabi Jacira ta shigo,
jikarsa, da jakar makaranta da mangwaro a baki.
Ba a ce mata komai ba.
Ta haye kujerar baya, tsakiya, ta rufe ido,
ta ɗaga ɗan yatsa.

Ya saka tsohon faifan gwaji.
Kare ya yi haushi. Yatsa ya nuna gaba, dama.
Ruwa ya kece. Yatsa ya yi sama yana lilo.
Jirgin ƙasa ya taso daga nesa,
ya zo, ya zagayo ta ƙeyarta,
sai ta yamutsa fuska.
"Kaka, a nan ya faɗa rami."

Hagu, baya.
Ko da yaushe hagu.

Ya durƙusa da tocila a haƙori.
Wayoyi biyu ne ya sauya wa gida,
wata na turawa, 'yar'uwarta na ja,
sautin yana cinye kansa.
Ya warware, ya ɗiga dalma, ya naɗe da salatif,
ya ƙone yatsa, ya zagi filaya.

Jirgin ya sake tasowa.
Bai saurara ba, wuyanta yake kallo.
Da ƙarar ta zo bayanta
yarinyar ta sunkuya, ta ƙanƙame kafaɗu,
sannan ta fashe da dariya.

Ya ɗora tafinsa a ƙofar hagu.
Ƙarfen na rawa,
taragu na wucewa ta cikin ƙashin hannunsa
ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙirga sha huɗu.

A waje ruwan gaske ya fara dukan kwano.
Jacira, ido rufe, ta ce,
"Wannan naka ne ko na Allah?"

Dona Ivonete ta zo biyar da kwata, a jiƙe,
ta ce kuɗin sun yi yawa.
Ya juya mata kunnen hagu.