Gurbi Na Uku

Shekara ashirin da shida ina ƙwanƙwasa ƙofofi
a Hrodna, a Mahilyow, a benayen Minsk masu warin dafaffen kabeji,
jaka a kafaɗa, fensir a bayan kunne,
da tambaya guda da na cusa cikin arba'in
kamar allura cikin curin zare.

Nawa madara yanzu?
Motar unguwa na zuwa kan lokaci?
Sai can wajen ta talatin da bakwai in sassauta murya:
Kun gamsu da masu riƙe da ragamar ƙasa?
Gurbi uku ne a takardar: e, a'a, ban sani ba.

Ban manta Stsiapan ba, tsohon ma'aikacin kamfanin tarakta.
Kafin ya amsa sai da ya ɗauki wayarsa,
ya kai ta banɗaki, ya murɗa famfo, ya jawo ƙofa,
ya dawo ya zauna, ya dube ni ido cikin ido,
ya ce, na gamsu ƙwarai.
Ruwa na ta zuba a bayanmu.
Na sa alama a gurbin e, aikina ke nan.
To ƙarar famfon fa, a wane gurbi zan sa ta?

A jami'a an koya mana lissafin kuskure,
uku bisa ɗari sama, uku ƙasa.
Ba wanda ya koya mana awon tsoro,
ko mudu nawa ne shirun uwa
mai ɗa a aikin gwamnati.

Sai na koyi bi ta bayan gida.
In jero abu huɗu a wannan layi, biyar a wancan,
in ce, kada ki faɗa mini wanne, faɗa mini nawa kike so.
Tsakanin huɗun nan da biyar
gaskiya kan leƙo da hanci kamar ɓera,
ni kuwa in kwana a bakin rami da na'urar lissafi.

Abin da ya fito bai yi mini daɗi ba.
Na so a ce duk ƙarya suke yi.
Wasu na yi. Wasu har zuci suke faɗa.
Mahaifiyata Yadviha ba ta tsoron kowa,
fanshonta na shigowa ran biyar ga wata,
kuma ta tuna shekarun da bai shigo ba.
Ta ce, ke Yanina, lambobinki za a dafa a ci?

Wata Talata wani ya zo ofis, kwat ɗinsa ruwan toka.
Ya yabi rubutuna, har shafi ya ambata.
A nan na gane mai toshe bakin jama'a
kunnen kansa yake toshewa,
ya koma lalube, yana neman aron kunnena.
Jadawali ya fara roƙo. Daga baya ya ce, da adireshi.

Daren nan na tafi bukkar gonarmu.
Murhun da muke gasa dankali
ya ci sunaye dubu goma sha ɗaya kafin asuba.
Stsiapan na ciki. Hayaƙin bai tsaya tambayar kowa ba.

Yanzu ina Vilnius, tafiyar 'yan sa'o'i da mota,
tafiyar da ba ni da ranar yi.
Ta waya muke tambaya.
Cikin goma, bakwai kan katse layi,
har na fara ƙirga daƙiƙun da sukan ja kafin su katse.

Jiya ɗalibata Aliona ta tsaya bakin taga,
dusar ƙanƙara na sauka kan rufin coci,
ta ce, Malama, a bar zancen littafi,
mutum nawa ne ke tare da su da gaske?

Na duba akwatunan takardun da suka tsira,
na duba toka-tokar da ta kama mini kai.
Na miƙa mata fensir,
na ce, sa mini alama a gurbi na uku,
sannan ki kira lamba ta gaba.