Ɗakin Bayan Rumbu

A Bunza, shekarar da iska ta yaye rufin asibiti
ta kai shi fadama ta jingine da giginya,
na je wurin Bagudu magini da goro biyu a aljihu.
Na ce ɗaki nake so, ba na kwana ba, ba na baƙo ba,
ɗakin da za a ruga in gabas ta murtuke.

Ya zaga gidan sau uku bai ce uffan ba.
Gindin dalbejiya? Ya girgiza kai:
itacen da ya ba ka inuwa da rani
shi zai karya maka ƙugu da bazara.
Gangare fa? Ruwa zai riga ka shiga.
Ya tsaya bayan rumbu, ya buga diddige,
ya ce, "Nan. Jar ƙasa ba ta munafunci."

Gajere muka yi shi, sai an sunkuya,
kaurin bango kamu guda da taƙi,
azarar giginya, laka bisa laka,
ba kwano ko falle ɗaya,
ba taga sai 'yar kafa ta shan iska.
Ƙyauren kuwa ciki yake buɗewa,
don in katanga ta zube a bakinsa
kada ta binne mu da sauran numfashi.

Tunau maƙwabcina ya leƙo ta kan danga:
"Kabari tun kana da sauran tuwo a duniya?"
A watan ne ya sa sabon kwano, shuɗi, mai ɗaukar ido.

Irin wannan ɗaki tsohuwa ne, yana son gaisuwa.
In rani ya tsufa, kafin kwaɗi su buɗe baki,
nakan hau da kwaɓi in toshe tsaga,
in zare sheƙar tsuntsu daga indararo,
in ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne.
Wadda ta amsa da muryar ganga, gara ta riga ni.
Ige takan share kunamu, ta sauya ruwan randa,
ta rataye tocila a ƙusa.

Shekara huɗu ba wanda ya nemi mafaka sai kaza mai kwanci.
Gaisuwar ta yi nisa.
Har buhunan taki na jibge a ciki, Allah ya yafe mini.

Ranar wata Talata, da la'asar sakaliya,
awaki suka yi tsit,
sama ta koma ruwan marina.
Na ja buhunan waje ina haki, ina ƙirga kawuna:
mu bakwai, sai ga Tunau da matarsa
da jinjirin da ko suna ba a raɗa masa ba.
Na tura ƙyaure, na sa sakata, na lalubo tocila.
Batir ya zube tun bara.

A duhun nan muka ji ta.
Kamar tireloli ɗari a kan gada ɗaya,
kwano yana ihu kamar ana feɗe shi da rai,
wani abu mai nauyi ya faɗi, ƙasa ta amsa a gwiwoyinmu.
Ƙura ta zubo mana a ka.
Azara ta yi nishi sau biyu, ta daure.
Wani hannu ya damƙe idon sawuna bai saki ba,
kuma ban taɓa tambayar na wa ne ba.

Da muka fito, dalbejiya na kwance inda na so in gina.
Shuɗin kwanon Tunau yana cikin shinkafar wani,
nawa ma bai tsaya yi mini sallama ba.
Takin ya narke a tsakar gida.

Kwana biyu Tunau bai ce komai ba.
Na uku ya zo da jaki da mangala,
ya tambaye ni inda ake ɗebo jar ƙasa.

Ni kuwa na sayo batir huɗu na ƙulle a leda,
na hau saman ɗakin da hantsi.
Akwai sabuwar tsaga ta gabas, siririya kamar zare.
Ige, miƙo mini ruwa.