Harbi Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Dundee,
ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar ofis kamar mai bin bashi,
kogin Tay ya haɗiye fitilun gada.
Daga ni sai shayin da ya huce,
sai sunayen 'yan wasa dubu arba'in jere a allon maki.

Aikina ƙirge.
Ba na ganin fuska, ba na jin murya,
sai harbi nawa, cikin daƙiƙa nawa, nawa suka samu.
Hannun ɗan Adam rawa yake, wannan na sani:
yau ya dace, gobe atishawa ta kwace masa,
jibi uwarsa ta kira shi cin abinci ana tsakiyar yaƙi.
In ka zana makin mutum dubu
sai su taru kamar tsibin gero a masussuka,
tudu a tsakiya, gefe da gefe ya zube.

To ga wani can nesa da tsibin,
ƙwaya ɗaya tilo a bakin tabarma.
Isla Moncur ta leƙo ta kafaɗata:
"Uwani, rufe shi. Na'ura ce ke masa wasan."
Saura ƙiris.
Yatsana har ya hau maɓalli.
Sai na buɗe watanninsa goma sha huɗu,
na ga da faɗuwa ya fara, kamar kowa,
na ga hannunsa na mutuwa duk Talata, Alhamis da Asabar,
washegari ya farfaɗo.
Da muka rubuta masa, ƙanwarsa ce ta amsa daga Arbroath:
ranakun nan ake wanke masa ƙoda.
Sauran kwanakin ba shi da wurin zuwa.

Na ci kunya na ƙoshi.

Wanda nake nema ashe shi ne na tara,
ya yi lamo,
ba ya wuce gona da iri,
yana kuskure kamar mutumin kirki.
Sai na ƙirga kuskuren.
Goma sha shida su shiga, na sha bakwai ya bauɗe.
Sha shida, ya bauɗe.
Sha shida, ya bauɗe.
Dare ɗari biyu, ko sau ɗaya bai yi atishawa ba.

Wanda ya koya wa na'ura ƙarya
ya manta bai koya mata gajiya ba.

Na rubuta rahoto. Ban ce ɓarawo ba.
Lissafi ba ya rantsuwa,
iyakarsa ya ce: cikin miliyan, ɗaya, ko babu.
Zato zunubi ko da ya zama gaskiya,
shi ya sa sai da na sake ƙirgawa sau uku
kafin na aika.

Asuba. Bas ta farko ta bi Nethergate ba kowa a ciki.
Na duba allon kafin in kashe.
Mutumin Arbroath na nan a sama.
Yau Talata.
An jima zai ɗan sauko.