Sunan da Aka Kankare

A Yelwa, bakin Kwara, da la'asar sakaliya,
na zauna kan wani kifaffen jirgi
ina duba takardun 'yan aji biyu.
Tambaya ta huɗu: wace ce Hatshefsut?
Sahabi ya rubuta, "Wani sarki ce mai gemu."
Na ɗaga jan biro, sai na sauke.

Yaron bai yi ƙarya ba, haka aka sassaƙa ta,
da gemun aro ɗaure a haɓa,
don karagar Misira ta fi sabawa da maza.
Shekara ashirin da ɗoriya tana riƙe da Nilu.
Jirage ta tura ƙasar Funt,
suka dawo shaƙe da hauren giwa,
da birai, da zinariya,
da itatuwan turare har da saiwarsu cikin kwanduna,
a dasa ƙamshi a ƙofar ginin da ta jingina da dutse.

Ta rasu. Aka jima, aka daɗe,
sai ga ma'aikata da guduma.
Bango bayan bango suna bi,
inda duk sunanta yake a kankare,
inda fuskarta take a farfashe,
a jerin sarakuna a tsallake ta
kamar yadda ake tsallake kwata.

Ni na san ƙarar wannan gudumar,
ko da yake a gidanmu da buroshi aka yi aikin.

Kakata Ayashe jirage bakwai ta bari.
Albasa take lodi, da bandar kifi,
ta san kuɗin kowane buhu daga nan har Malale,
tana ƙirga su da ƙullin bakin zane.
Matuƙa ba sa kiranta Inna, Maigida suke cewa,
ita ko ba ta taɓa gyara musu ba.
A goshin kowane jirgi an rubuta da fari:
Ayashe, Ruwa Na Allah Ne.

Kwana arba'in ba su cika ba
kawu Labbo ya sayo gwangwanin shuɗin fenti.
Ina 'yar shekara tara, ni na riƙe masa gwangwanin.
Har yau idan na ji warin kananzir
hannuna na dama sai ya yi nauyi.

A Misira, an ce, masu tono sun zo daga baya,
suka tsince ta gutsure-gutsure cikin rami,
nan kunne, can rabin leɓe,
suka yi shekaru suna haɗawa
har ta sake zama kan kujerarta tana kallon mutane.
Inda aka kankare ma, gurbin ya riƙe siffar abin da aka cire.

Mu nan ba mu da masu tono.
Damina muke da ita, da rana, da gogar igiya.
Jirgin da nake kai ya daina shiga ruwa tun bara waccan,
shuɗin ya ɓaɓɓake yana zuba,
ƙarƙashin cinyata ga A, ga Y, ga rabin SH.
Na sa farce na ƙara ɓantarewa kaɗan.

Sahabi na ba shi rabin maki.
A gefen takardar na rubuta:
Gemun na aro ne. Gobe ka same ni bakin ruwa,
ka zo da tsohuwar wuƙa.