Shaidar Mai Duba Mita

Shekara goma sha tara ina ɗaga murfin ƙarfe
a ƙofar kowane gida na tsibirin nan,
in durƙusa, in share gansakuka, in karanta lamba.
Ruwa ba ya rufa wa gida asiri.
Na san makon da aka haifi jikan Tsuruko,
na san watan da tsoho Genzo ya daina wanka.

Gidan Kuwabara na bayan rumfar masunta.
Nan ya ce yake kwana, a takardar takara.
Dokar Japan ta ce sai ka zauna wata uku
kafin ka nemi kujerar kansila.
Wata ukun nan, abin da mitarsa ta ƙirga
bai fi wanda kyanwa za ta lasa ba.

Aka kira ni gaban hukumar zaɓe,
ɗaki mai warin shayi da tsohuwar takarda.
Yana zaune, ya haɗa gwiwa, gumi a wuyan riga.
Wai a gidan wankan gari yake wanka,
abinci kuwa na kanti, a tsaye yake ci.
Shugaba ya dube ni: Misae, me littafinki ya ce?

Littafi bai san shi ya sa aka gyara fitilar gaɓa ba.
Bai san duk Lahadi jirgin safe na kawo shi
ya wanke kabarin uwarsa da ruwan gora ba.
Ba wanda ya tambaye ni wannan,
balle inda nawa ɗan yake kwana,
shi da takalmansa ke bakin ƙofata shekara tara.

Sai dai daren da guguwa ta yaye rufin asibiti
mu muka kwana tarar ruwa da bokiti.
Shi a waya ya ji.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na karanta lambar.
Aka rubuta, aka buga hatimi, aka watse.

Kujerar tana nan wayam. An yi shela sau biyu.
Ƙaramin cikinmu shekararsa sittin da huɗu,
kuma ya ce gwiwarsa ba ta hawa bene.

Jiya na ɗaga murfin gidan, don sabo kawai.
Allura na juyawa a hankali.
Na ƙwanƙwasa, shiru.
Ko ya dawo ne, ko bututu ya fashe,
na dai rubuta lambar.