Mai Tura Fim a Tashar Dukku

Kawo wayar, Goggo Dija, zauna kan benci,
janareta ne ke tari, yanzu zai lafa.
Kin ce in zuba miki na kullum,
masu rawa a lambu, kowa da sabon leshi.
Akwai su, har sun yi mini yawa.
Amma yau bari in yi miki shisshigi.

Ga wani nan, yaran Bolari suka haɗa
da waya biyu da fitilar acaɓa.
Mai gadi ne a tsohuwar tashar jirgin ƙasa,
kullum ƙarfe biyun dare yana jin jirgi na kuka,
alhali ciyawa ta cinye dogo tun tuni.
Ba dodo, ba jan ido, ba farin ƙyalle.
Kukan ne kawai.
Ni da na kalle shi a shago
fitsari ya jira ni har kiran assalatu.

Wannan kuma na Kefas ne, ɗan Billiri,
buhu huɗu na masara ya sayar ya yi shi.
Wai shekara ɗari nan gaba ruwa ya zama kuɗi,
'yan garuwa su ne manyan gari,
jarka ma da jiniya ake raka ta.
Jirgin samansu murfin tukunya ne,
zaren da ke riƙe da shi ana gani sarai.
Mun yi dariya har da buga ƙafa,
sai yarinyar ta dubi uwarta ta ce,
Inna, mene ne kogi?
Shagon nan ya yi tsit.

Na uku Hajjo ce ta ɗauka, malamar asibiti a Kumo,
a ranakun hutunta.
An sace mudun dillalin wake,
mai binciken tsohuwa ce mai daddawa.
Ba bindiga, ba gudun mota,
minti arba'in ana ta ciniki,
ki ɗauka ba abin da ke gudana,
ashe kowane tayi shaida ne.
Ba zan gaya miki ɓarawon ba.
Ki dai sa ido kan wanda ya fi kowa salati.

Kin ce ba ki san fuskar kowa ba?
Ai nan gishirin yake.
Jarumin allon talla ba ya mutuwa, kowa ya sani.
Baƙuwar fuska kuwa, sai kin riƙe numfashi.
Iska na busa musu murya, ba na musu,
akuya ta ratsa wani wuri, aka bar ta,
ta fi mutum biyu iya wasa.

Na ƙarshe ba na kuɗi ba ne.
Tsakani da Allah bai yi kyau ba,
labarin ya ɓace a tsakiya bai dawo ba.
A Dadin Kowa aka ɗauka, bakin dam.
Amma a minti na sha bakwai,
jarumi na ta faɗa a waya,
can bayansa wani tsoho ya zo da keke,
kwandon kifi ɗaure a baya.
Ya tsaya, ya dubi kyamara,
bai san me ake yi ba,
ya ɗaga hannu.

Babana ne, Bappa Manu,
wanda bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba.
Bayan wata biyu muka kai shi makwanci.

Daƙiƙa shida ne, na ƙirga.
Shi ya sa nake tura wa kowa kyauta,
ya yi ta wucewa a wayoyin Gombe
da kekensa mai karkataccen kai.

Wayarki ta cika, Goggo.
In goge ɗaya cikin masu rawa?
To. Ɗari biyu ne.
In kin kai minti na sha bakwai
ki amsa masa gaisuwar.